Santimita uku da suka hana ni barci

Jiya bayan la'asar kwaba ta biyar ta kicin ɗinmu ta zauna a wurinta. Na buɗe ƙofarta na rufe ya fi sau goma, har maigida ya leƙo ya ce ko lafiya. Lafiya lau, sati biyu ke nan ina faɗa da bangon nan.

Waɗanda suka ga zanen da na nuna muku da damina za su tuna tsarin: layi ɗaya ne daga bango zuwa bango, kwaba biyar, kowace faɗin santimita 60, zurfi 60. Ta sinki, ta durowoyi, wadda murhun gas zai hau kanta, da biyu na tukwane. Na auna bangon da kaina, tef ya nuna 301. Biyar sau 60, 300 ke nan, har da rarar santimita ɗaya. Na zana a manhajar zane ta SketchUp, na fitar da jerin yanka, na tura wa wasu masu yankan katako a Abuja ta WhatsApp, na biya. Matsattsen katakon da ake kira HDF mai kaurin milimita 18 na zaɓa, sai ta sinki kaɗai na ce a yi da marin bod, wato katako mai jure ruwa, don na ga yadda wani matsattsen katakon, MDF, ya kumbura a kicin ɗin yayata kamar burodin da ya faɗa shayi.

Kayan suka taso ta Keffi da Akwanga, suka iso unguwar Rikkos a Jos da daddare. Kuɗin mota kaɗai naira 60,000, kuma sai da muka yi ja-in-ja. Haɗawa ba ta ba ni wahala ba, ramukan duk a huje suke, kwana biyu na gama. Na jera huɗu, na turo ta biyar, ta ce ba ta san zancen ba.

Da farko na ɗauka masu yankan ne suka yi kuskure. Har na fara rubuta musu saƙo mai zafi, Allah ya taimake ni na ce bari in fara aunawa. Kowace kwaba 60 cif, ko milimita ɗaya ba su ƙara ba. Na goge saƙon, na juyo kan bango.

Ga abin da na yi wa kaina. Ranar da na yi awo, filasta ce kawai a jikin bangon. Bayan sati uku mai tayil ya zo ya manna tayil a bangon hagu da na dama tun daga ƙasa. Tayil ɗin da simintin bayansa sun ci kusan santimita ɗaya da rabi a kowane gefe. 301 ta koma 298, ni kuwa ban sake ɗaukar tef ba, ina can ina zaɓen launin hannun ƙofa. Abin haushin ma, a takardar da suka turo min akwai layin da ya ce a yi awo bayan an gama aikin bango. Na karanta, na sa hannu.

Amma ko da 298 lissafin bai fita ba, domin giɓin da nake gani ya fi santimita biyu. Nan ne na kwana biyu ina auna wuri ɗaya ina samun amsa daban-daban. In na ja tef a jikin bangon baya, 298. In na matso gaba, inda fuskar kwabobin za ta tsaya, 296.8. Na ɗauka tef ɗin ne ke lanƙwasa, na aro na maƙwabta, amsa ba ta canja ba.

Wani dattijon kafinta da ke aiki a gidan da ke kallon namu shi ya warware min. Ya shigo, ya dubi lungun dama, ya ce, "Hajiya, wannan lungu ba a miƙe yake ba." Na ce, "Baba, ai da ido na ga daidai yake." Ya yi dariya. Ya auna 80 daga lungun a bangon baya ya yi alama da fensir, ya auna 60 a bangon gefe ya yi alama, ya ja tef tsakanin alamomin biyu. In lungu daidai ne, dole a samu 100. Namu 99 ya bayar. Wato bangon gefe yana shigowa ciki sannu a hankali, kafin ka kai santimita 60 daga lungu ya cinye fiye da santimita ɗaya. Na san wannan lissafi na 3, 4, 5 tun muna sakandare, ban taɓa kawowa a raina zai biyo ni kicin ba.

To, ina da 296.8, kayana 300. Maigida ya ce a fasa tayil ɗin gefe ɗaya. Na ce ko an fasa, ɗaya da rabi za mu samu, da sauran rina a kaba, ga ƙura ga asara. Na tambayi mutanen Abuja kuɗin sabuwar kwaba mai faɗin 55. Farashin kwabar bai dame ni ba, kuɗin kawo ta Jos da jiran sati uku ne suka sa na ajiye waya.

Sai yanka. Wacce za a yanke? Ta sinki ba ta taɓuwa, kwanon sinkin ya cika ta. Ta durowoyi kuwa kowace durowa sai an wargaza ta, ban da ƙarfin wannan. Na ɗauki ɗaya daga cikin na tukwane, mai ƙofa ɗaya, na kwance ta. Gefunan biyu ba ruwansu. Abin da za a rage shi ne ƙasan, sandunan sama biyu, allon baya, kantar ciki da ƙofa, santimita biyar-biyar. Na ce biyar, ba uku da ɗigo biyu ba, saboda kwabar da ke jikin bango tana son ɗan fili, in ba haka ba hannun ƙofa zai riƙa dukan tayil. 295 ke nan, ragowar 1.8 in toshe da siririn katako.

Kada ku gwada zarton hannu a kan irin wannan katako. Na gwada a kan kantar, fatar saman ta ɓantare kamar bakin tsohon kwano. Na kwashi sauran a keke na kai Kasuwar Katako wurin masu inji. Na manna tef ɗin takarda a kan layin yanka, na tsaya a kan yaron har ya gama, domin ƙofar dole a yanke ta ta gefen da ba ramukan hinji, kuma saura kaɗan ya juya ta. Sa'ata ɗaya, ban riga na huda ramin hannu ba. Yanka, tef ɗin rufe bakin katako da kuɗin keke sun tashi naira 9,500.

Sake huda ramukan haɗi a allon ƙasa shi ya fi ba ni tsoro. Dabarar da ta fishe ni: guntun da aka yanke yana ɗauke da tsofaffin ramukan, sai na ɗora shi a kan sabon bakin na bi su. Ɗaya ya ɗan kauce, na faɗaɗa shi na cika da gam, ba mai gani sai ni. Tef ɗin bakin ƙofar da dutsen guga na manna shi. Farinsa ya ɗan fi na asali haske, in rana ta shigo ta taga da safe ina lura, amma ƙanwata ta duba ta duba ba ta gane wacce aka yanke ba, kuma na ji daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Dutsen da za a shimfiɗa a saman kwabobin ban ba da aikinsa ba tukuna. Mai yankan ya ce in turo masa tsawo da faɗi kawai, na ce a'a. Kwalayen da kayan suka zo a ciki na haɗa da gam, na yanka su daidai da lungun nan mai 99, shi zan kai masa ya bi. Kwabobin da za a rataye a sama kuma har yanzu suna jingine a falo. Ɗazu na ɗaga ta farko in gwada, na tarar soket ɗin da na ware wa firiji zai faɗa bayanta daidai. Na kira mai gyaran wuta, ya ce sai Asabar.