Littafin Inna da farfajiyar Kawu

Asabar, Katsina.

Hazo ya sauko tun asuba, ko ƙarshen layinmu ba a hangowa. Na dama kunu na sha kafin kowa ya tashi, don na san maganar da za a yi a gidan nan yau ba ta mai yunwa ba ce. Tun da aka sa rana bakina bai canza ba: a ɗaura aure da safe, a yi walima bayan la'asar, a kai ni ɗakina kafin isha'i. Ba kamu a hol, ba dina, ba anko, ba mai lasifika da zai yi ta kiran sunayen mutane su fito liƙi. Kowa ya ce to. Amma irin "to" ɗin Katsinawa ce, wadda kunya ke sa a faɗa, a bar maganar ta kwana, gobe a tashe ta.

Inna ce ta fara tashe ta. Ba ta yi faɗa ba, ɗaki ta shiga ta buɗe adaka ta fito da littafinta. Tsohon littafin makaranta ne mai shuɗin bango, ganyayensa sun yi laushi, ƙamshin turaren wuta duk ya kama shi. Na san da shi tun ina yarinya, amma yau ta fara ba ni na riƙe. Sunayen mata ne jere, wasu da boko wasu da ajami, gaban kowane suna an rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Bikin wance, turmin atamfa. Sunan jikan wance, kwalin sabulu da zane. Shafukan farko naira hamsin ne da naira ɗari, ana tafiya lambobin na ƙara tsawo. Abin da kika kawo mini ranar hidimata, ranar taki in mayar miki da ƙari, ke ma in tawa ta sake zagayowa ki ɗora. Ba wanda zai kai ƙara a kansa, amma kowace mace a cikin littafin nan ta san inda lissafinta ya tsaya.

Na ce, "Inna, ai ni ma sauƙi nake nema miki."

Ta ɗora yatsa kan wani suna. Ta ce, "Kin ga wannan ta Ƙofar Guga? Ɗiyanta duka na yi mata bikinsu. Shekara da shekaru tana jiran ranar da za ta rama. Ba kuɗinta nike so ba. In kika hana ta zuwa, kin bar ta da kaya a kai, kuma kunyata za ta riƙa ji duk inda muka haɗu."

Wannan hujja ce, kuma na karɓa. Yinin biki na Inna ne, ba nawa ba. Za a yi shi a cikin gida ranar jajiberi, ƙawayenta su zo su ci tuwo, su yi kiɗan ƙwarya in sun ga dama, a buɗe sabon shafi. Ni zan fito in gaishe su in koma ɗaki. Sai dai na tambaye ta ko a wane shafi aka rubuta dina. Ta yi dariya har tana goge ido. A bikinta ba a yi ba, a na kakata balle. Abin da ke ba ni mamaki ke nan da masu cewa na bar al'ada. Dina, daren Larabawa, ranar ƙauyawa, ɗaukar hoto kafin biki, duk a idonmu suka shigo garin nan. Yau an wayi gari wadda ta ce ba ta so ita ce ta zo da baƙon abu.

Wajen ƙarfe goma ƙanwata ta ja ni muka je duba wani hol, wai ko zan gani in canza ra'ayi. Mai gadi ya buɗe mana. Kujeru a kife bisa juna, ƙura ta lulluɓe su, can kan dandamali ga manyan kujeru biyu na ango da amarya, fentin ruwan gwal ɗin ya fara ɓarewa a hannuwan. Mai wurin ya zo da murmushi yana lissafi: kuɗin hol daban, man janareto daban, masu ado daban, lemo kuma ba a shigowa da shi daga waje. Da ya tara jimla, ta haura albashina na wata uku, ba a zo maganar abinci ba. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa ce, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba abin da ya zauna inda yake.

Amma ko kyauta ya ba ni ba zan karɓa ba. Kujerar nan nake kallo ina tuna bikin wata ƙawata bara. Tun azahar ake mata kwalliya, aka kawo ta bayan isha'i, aka dasa ta a irin kujerar nan. An hana ta dariya sosai kada hoda ta tsage, an hana ta cin abinci kada jan baki ya goge, ɗaurin ɗankwalin ya matse mata kai har jijiyar goshinta ta fito. Mun taso daga nesa don ita, amma tsakaninmu da ita sai ɗaga hannu, saboda ƙarar kiɗa ba ta bari a ji ko gaisuwa. Da muka je gidanta bayan mako biyu, a hotuna take ganin waɗanda suka zo. Ni ina so in san wanda ya zo bikina tun yana wurin.

Daga nan muka hau napep zuwa Babbar Kasuwa. Tabarmin roba manya na saya, da butoci, da lalle. Mai lallen wata dattijuwa ce, da ta ga ina jujjuya ƙullin sai ta lakato garin da ɗan yatsa, ta jiƙa shi da ruwan butarta, ta dangwala mini a tafin hannu. Ta ce in je in gama cefanena, in bai kama ba kada in dawo. Kafin mu gama cinikin tabarmi wurin ya yi ja. Yanzu haka da nake rubutun nan ɗigon na nan tsakiyar hannuna.

Muna dawowa na ga takalman Goggo a ƙofar ɗakin Inna, na san labari ya isa Rafindadi.

Ko gaisuwata ba ta bari ta kai ƙarshe ba. "Ke ɗiyar nan, mi nike ji? Ɗiyar ƙanena ta fari, a kai ta shiru kamar bazawara? Lefe akwati biyu? Mutanen Daura su ce daga ina aka kwaso ta?" Na durƙusa ina sauraro, don Goggo ba a tare ta a tsakiyar zance. Ta lissafo bikin duk 'yan'uwanmu, da wanda aka yi kwana bakwai, da wanda aka kai gara a mota biyu. Inna tana gefe tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. Maganar dangin uba ce, ta bar su da abinsu.

Da Baba ya dawo daga la'asar ya tarar ana kai. Ya zauna bakin ƙofa, ya bari ta numfasa, sannan ya ce, "Yaya, bari mu fara da abin da ba a iya bari." Ya kawo abin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane zaure a garin nan ake karantawa: aure ba ya yiwuwa sai da waliyyi, da sadaki, da shaidu biyu adalai, kuma mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari. Ya ce dinari gram 4.25 ne na zinare, rubu'insa gram ɗaya da 'yan kai, shi ya sa kuɗinsa ke hawa da sauka da farashin zinare. Ya ƙara da hadisin Abdurrahman ɗan Aufu, da Annabi (SAW) ya ce masa ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce. Ya ce to ga waliyyi, ga sadaki an yanka, ga shaidu cike da masallaci, ga walima yarinya da kanta ta ce za a yi. Sauran kuma, wanda ya iya ya yi.

Goggo ta gyara mayafi. Ta ce, "Malam, tare muka yi makarantar allo, kuma na riga ka sauka. Duk na san wannan. Amma ba Risala za ta zauna da dangin miji ba, ita za ta zauna."

Baba bai ce komai ba, ni ma haka, don ta faɗi gaskiya. Na san matan da aka yi ta yi wa gorin gara har suka haifi 'ya'ya uku. Ana cewa zamani ya canza, amma bakin facala bai canza ba. Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne na riga na zauna da mahaifiyar angon, kuma ita da bakinta ta ce kada a wahalar da kowa. Duk da haka ba ita kaɗai ce mace a gidansu ba.

Sai da aka daɗe ana ja kafin in gane inda ke yi wa Goggo ciwo. A cikin tsarina babu inda sunanta ya fito. Na raba aiki ga ƙawayena da ƙannena, na bar ta a sahun 'yan gayya, ita da ta yi wa duk matan gidanmu wankan amarci. Da Inna ta sako baki a hankali ta ce ai alkakin gara ba mai iya shi kamar Yaya, sai murya ta sauko. A nan aka tsaya: za a kai gara, amma ta hannu. Alkaki, nakiya, dubulan, duk Goggo za ta tsaya a kansu a yi a gida. Kayan abinci Baba zai aika daga baya ba tare da rakiyar guɗa ba. Sa lalle a tsakar gidanmu, ita za ta sa mini. Kuma ita za ta riƙe hannuna ta shigar da ni ɗaki. Lefe ta ce ba ta yarda da akwati biyu ba har yanzu, amma ta faɗa tana neman takalmi, alamar ba za a sake zama a kai ba.

Kafin magariba na garzaya GRA gidan Kawu, inda za a yi walimar. Tsohon gida ne irin na ma'aikatan da, ginin ƙarami, fili kuwa har ya yi yawa. Darbejiya uku a jere ta gabas, mangwaro ɗaya babba a tsakiya, ƙasa rairayi mai laushi. Na tsaya ƙarƙashin mangwaron ina aunawa da ido. Mata a nan ciki kan tabarmi da darduma, kujeru kaɗan a jikin bango don tsofaffi masu ciwon gwiwa. Maza a waje ƙarƙashin rumfa. Babu teburin manya. Masa da miyar taushe daga wurin matar unguwarmu da muke saye kullum, fura da nono a ƙwarya, zoɓo da kunun aya. Mai tsire zai zo da tukubarsa ya kafa a lungun can, a riƙa ci da zafinsa. In sanyi ya fara sauka mai shayi ya hura wuta. Ni kuma in sa atamfar da zan iya zama a ƙasa da ita, in bi tabarma tabarma in gaisa da mutane.

Kawu yana biye da ni da carbi a hannu, shi tunaninsa duk na aiki ne. A yayyafa ruwa tun azahar saboda ƙura. A cika durom biyu na alwala. A gyara bayin baya, a sa yara biyu su tsaya kan motoci kada a tare wa maƙwabta ƙofa. Sai ya tambaye ni mutum nawa na gayyata. Na faɗa masa. Ya ce, "Ɗiyata, a Katsina kike. Ki dafa na ninki biyu." Ya kuma ce ƙofarsa a buɗe za ta kasance, ba mai tsayawa duba kati, kuma a ware tukunya guda ta almajirai da masu wucewa tun kafin a fara rabo, ba sai an jira ragowa ba. Ya tuna mini hadisin da ya ce mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Wannan sharaɗin shi kaɗai ya gindaya mini a kan gidan.

Bayan isha'i angon ya kira. Ya karɓo takardar gwajin jininmu, komai lafiya. Ni AS ce, na daɗe da sani, shi ya sa tun kafin magana ta yi nisa na ce sai ya gwada, don in AS biyu suka haɗu kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Shi AA ne. Yanzu dai ga shi a rubuce, a kai wa Baba. Ya ce mutanensu za su taso daga Daura da sassafe, tafiyar kimanin kilomita 80 ce, su iso kafin ɗaurin aure, kuma yana so su kama hanyar komawa da sauran haske, abin da ya ƙara taimakon tsarina. Abokansa ne ke ta ƙorafin an hana su dina. Ya ce musu in rawa suke so su yi a majalisarsu, shi zai sayi nama. Ban san ko sun haƙura ba, muryarsa dai ta mai gajiya ce.

Ina ajiye waya sai ga saƙo a WhatsApp. Ashe ƙanwata ta buɗe zauren anko tun shekaranjiya ba da sanina ba, har an zaɓi atamfa, kore da ratsin ruwan ƙasa, har wasu sun biya. Na kira ta ɗaki, ta zo tana rantsuwa wai ƙawayena ne suka matsa mata. Na sa ta rubuta a zauren, a gabana, cewa mai so ta ɗinka, wadda ba ta da hali ta zo da abin da ke cikin akwatinta, kuma ba za a ware masu anko a hoto ba. Atamfar ba ta da muni, gaskiya, amma ban faɗa mata ba.

Gobe bayan an sauko daga islamiyya zan je wurin mai masa. Ta ce in zo mata da adadin tiyar shinkafa, ba adadin mutane ba, kuma tana son rabin kuɗinta kafin ƙarshen mako don ta sayi mai tun bai sake tashi ba.