Ranar da na tsaya ɗaukar bidiyo a ƙasan tudu a dutsen Erciyes

Shekarata ta biyu kenan ina karatu a Kayseri ta ƙasar Turkiyya, kuma duk safiya in na buɗe taga dutsen Erciyes nake fara gani fari fat, tsayinsa mita 3,917, amma ban taɓa tunanin wata rana zan hau shi da sunan wasa ba. Ni da na taso a Kano, sanyin da na sani shine na hunturu, a hura wuta a ƙofar gida a sha shayi. Toh a hutun semesta na watan Janairu sai abokina ɗan Zariya ya matsa min, wai shi ya je sau uku kuma ba wani abu bane, zamiya ce kawai a kan dusar ƙanƙara, Turkawa suna ce mata kayak. Mu huɗu muka tafi, ni da shi da wani ɗan Maraɗi da wani yayanmu ɗan Sudan da yake digiri na uku. Daga cikin gari zuwa wajen wasan kamar kilomita 25 ne, muka hau bas muka sauka a ƙofar Tekir, wadda ita kanta ta haura mita 2,000 daga teku, ina saukowa daga mota na ji numfashina ya canza, ɗan tattaki kaɗan sai haki.

A shagon da ake hayar kaya kuskurena na farko ya faru. Mai shagon ya tambayi nauyina da tsayina da shekaruna, sannan yace na iya ko yau na fara? Abokina ya raɗa min da Hausa, mutumina kace ka ɗan iya kar su raina mu. Ni kuma nace na ɗan iya. Sai daga baya na gane dalilin tambayar, ashe akwai wani maɗauri da ke riƙe takalmi a jikin katakon zamiyar, da waɗannan bayanan ake saita ƙarfinsa, na sabon shiga ana barinsa da sauƙi yadda in ka faɗi zai saki ƙafarka nan take, na gwani kuma ana ƙara masa ƙarfi don kar ya cire yana cikin gudu. Wato ƙaryar da nayi gwiwata na saka a haɗari, ba mai shago na yaudara ba. Hular kwano kuma har nace a barta don kuɗin hayarta daban ne, sai yayanmu ɗan Sudan ya ɗauko ya ɗora min a kai ya ja igiyar ya ɗaure a haɓata da hannunsa, yace ƙanena in baka saka wannan ba ka zauna a nan ka jira mu. Wallahi har yau ina masa addu'a.

Malamin koyarwa ma bamu ɗauka ba, muka ce tsada. Abokina ne ya nuna min yadda ake haɗa bakin katakan biyu a gaba a buɗe bayansu don a rage gudu, na gwada a wajen yara da masu koyo na faɗi yafi sau goma, wajen azahar na fara sauka ba faɗuwa, kuma a nan zuciya ta fara ce min ai shikenan. Hanyoyin wajen kowacce da launinta, kore na masu koyo, shuɗi mai sauƙi, ja na waɗanda suka iya, baƙi na gwanaye, kuma ni ko shuɗin ban cancanta ba a ranar, amma muka hau kujerar nan da waya ke ja sama muka nufi shuɗi.

Na sauko kamar rabin hanya lafiya lau. Sai na zo wani waje da hanyar ta yi ɗan tudu sannan ta gangara, na wuce tudun na tsaya daidai ƙasansa a tsakiyar hanya, na cire safar hannu na ciro waya don in ɗauki ɗan Maraɗi yana saukowa a kan allon nan guda ɗaya da ake ɗaure ƙafa biyu a kai. Abinda ban lura ba, wanda ke tahowa daga sama baya ganin abinda ke ƙasan tudun sai ya iso kansa. Ƙarar allo kawai na ji yana kankare ƙanƙara, shaaa, wani saurayi ne Baturke da gudu, yayi iya ƙoƙarinsa ya juya allon a karkace don ya tsaya amma wuri ya ƙure, ya kwashe min ƙafafu ta baya. Na tafi da baya, na kai hannun dama ƙasa don in tare, ƙeyata ta bugi wajen da ya daskare kamar siminti. Katakon ƙafar hagu ya cire, na dama bai saki ba, ya murɗe min gwiwa.

Abinda mutane suka yi a minti biyar ɗin nan shi yafi tsaya min a rai. Wata mata mai kamar shekara hamsin ta tsaya, bata ma fara zuwa kaina ba, ta cire katakanta biyu ta hau saman tudun ta kafa su a gicciye cikin ƙanƙara, nan take masu saukowa suka fara kaucewa, kamar dai yadda direbobinmu ke zuba ganye a titi in mota ta mutu bayan kwana. Sannan ta dawo ta durƙusa ta riƙe min kai da hannu biyu tace kar in motsa wuya kuma kar kowa ya cire min hular. Saurayin da ya buge ni bai gudu ba, jikinsa na rawa ya kira 112, lambar kiran agajin gaggawa ta ƙasar, ya cire jaket ɗinsa ya rufa min don kwanciya a kan ƙanƙara tana zuƙe ɗumin jiki da sauri. Ni kuwa sai cewa nake ba komai, zan iya tashi, kunya ta ishe ni mutane sun taru. Jami'an ceto na jandarma suka zo da babur ɗin ƙanƙara, suka sa min abin tare wuya suka kwantar da ni a gadon da ake ja suka sauko da ni.

A asibiti hoton ƙashi ya nuna tsagewa a wuyan hannu, gwiwa kuma targaɗe ne, Allah ya taƙaita jijiyar bata tsinke ba. Hular ce ta tsage ta baya, na sa yatsa a tsagar na daɗe ina kallo. Likita ya hana ni tafiya sai da aka duba kan, yace in na fara amai ko ciwon kai mai ƙaruwa ko jiri ko barci mai nauyi a dawo da ni ko tsakar dare ne, kuma kar in kwana ni kaɗai. A daren na karanta labarin Natasha Richardson, 'yar fim ɗin Ingila da ta faɗi a wajen masu koyo a Mont Tremblant ta Kanada a 2009, babu hula a kanta, ta tashi tana magana tace lafiyarta lau, ashe jini na taruwa a cikin kai, bayan kwana biyu ta rasu. Irin ba komai ɗin da nake ta faɗa kenan. Michael Schumacher kuma, shahararren direban tseren mota, da hularsa a kai ya bugi dutse a Méribel ta Faransa a Disamban 2013 a wajen da ba a gyara ba tsakanin hanyoyi biyu, shi yasa yanzu in na ga igiya ko sanduna a gefen hanya bana tsallakawa ko da taku ɗaya.

Da farko haushin saurayin nake ji, don a dokoki 10 na hukumar wasan ta duniya, FIS, wanda ke baya shi ke da alhakin kaucewa na gabansa. Amma a cikin dokokin nan dai akwai wadda ta hana tsayawa a wajen da yake matsattse ko inda ba a hango ka, in ka faɗi ma ka matsa gefe da wuri, kuma kafin ka sake tashi ka waiga sama. Allon dokokin yana nan a kafe, na wuce ta gabansa da safe ban karanta ba.

Da sanyi ya zagayo na koma, ba zan ɓoye ba ƙafata rawa take a kan kujerar. Wannan karon nace wa mai shago sabon shiga ne ni, na biya malami na awa biyu, kuma abin farko da ya koya min faɗuwa ce, ta gefe, hannu a dunƙule kusa da jiki ba a miƙe ba. Da yaga ina sha'awar allon nan guda ɗaya yace sai da abin kare wuyan hannu, don masu allo a nan suka fi karyewa. Ya kuma sa na sayi tabarau na rufe ido gaba ɗaya da man kare rana, nace hoja, wato malam da Turkanci, ai ni baƙi ne, yace ido ba ruwansa da launin fata, sabuwar dusar ƙanƙara tana iya mayar da kusan kashi 80 na hasken ranar da ke ƙona fata da ido. Ruwa ma sai ka tuna ka sha don sanyi baya bari ka ji ƙishi, waya kuma a aljihun ciki don sanyi na cinye batir, kuma ranar da kake buƙatar 112 ba ranar mutuwar waya bace.

Wajen ƙarfe uku da rabi cinyoyina suka fara rawa, inuwa ta rufe hanyar ƙanƙarar ta fara tauri, ɗan Zariya yace mutumina mu ƙara ɗaya na ƙarshe. Nace masa a'a na gaji, na cire katakan na saɓa a kafaɗa na gangara na yi la'asar, na sayi shayi na zauna ina jiransa a ƙasa.