Talata: jinin Auta takwas

Hazo tun asuba. Na gama ɗinkin amaryar nan kafin a ɗauke wuta, uwarta har da ƙara mini jika ɗaya ta tukuici. Da murnata na hau kabu-kabu zuwa gidan Auta, don tun jiya ta ce in raka ta awon ciki.

Na same ta zaune a gindin turmi, gero a ciki, taɓarya a ƙasa. Wai da ta fara daka sai zuciyarta ta kama bugawa, jiri ya ɗebe ta. A bakin zanenta ga ƙullin farar ƙasa, tana gutsura.

A asibiti ungozoma ba ta ja zance ba. Ta ja fatar idonta ta ƙasa, ta buɗe tafin hannunta ta jera da nata, ta ce ta fiddo harshe. Duk sun yi fari. Ta tura mu awon jini, sakamako ya fito 8. Ta ce mai ciki in ta sauka ƙasa da 11 ta shiga ƙarancin jini, in ta kai ƙasa da 7 abin ya yi tsanani, lokacin ne ake fara zancen kwantarwa da ƙarin jini. Ga Auta da cikin wata shida. An duba masassarar cizon sauro, babu. Aka ba ta maganin tsutsar ciki, ta haɗiyi na rigakafin masassara a gabansu. Sai ungozoma ta ce, "Ƙwayoyin jinin da muka ba ki wancan zuwan, kina sha?" Auta ta ce e, idonta a ƙasa.

Da muka koma gida na ce ta nuna mini. Suna cikin kumbo, ko rabin kati ba a taɓa ba.

Hajiya, uwar mijinta, tana kan tabarma tana jin mu. Ta ce, "Ni na ce ta bari. Bayan gidanta ya koma baƙi kamar gawayi, ga tashin zuciya. Kuma su ke sa ɗa ya yi ƙato a ciki, a zo haihuwa a ce sai an yi wa yarinya aiki. Mu da muka haifi namu a ɗaki, wa ya ba mu ƙwaya? Yaran yanzu dai akwai son jiki."

Na durƙusa na ce, "Hajiya, Allah ya ƙara girma, baƙin nan ba cuta ba ne. Sinadarin ƙarfe mai gina jini da ke cikin maganin ne, wanda jiki bai ɗauka ba yake fita. Tashin zuciyar kuma, in ta sha bayan ta ci tuwon dare zai ragu." Na ce ba a haihuwa sai jini ya zuba. Mai wadataccen jini ta zubar ta tashi, wadda nata ya riga ya yi ƙasa kuwa, ɗan abin da zai fita shi zai kayar da ita. Ɗan ma da jinin uwar yake girma, in babu yana iya zuwa bakwaini ko ya zo ba nauyi.

Ta ce ai ba zaune suke ba, ɗanta ya aiko daga Abijan an sayi malta da madarar gwangwani, kullum sai Auta ta sha. Na san da kyakkyawar niyya ta yi, shi ya sa maganar ta yi mini wuyar faɗi. Malta zaƙi ce, tana ba mutum ɗan kuzari, amma ba ta gina jini. Madarar ma in an haɗa da ƙwayar rage mata ƙarfi take yi. Haka shayi, wanda a gidan nan da an ture kwano ake ɗora buta. Kuɗin maltar nan da hanta aka saya da su, ko wake, ko fara, ko a yi mata kwaɗon zogale a matsa lemun tsami, da sun fi amfani, don tsamin lemu na taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen. Abincin ma kaɗai ba zai ɗaga 8 kafin haihuwa ba, sai da ƙwayar, kullum, har bayan an sauka.

Hajiya ta yi shiru tana jan carbi. Can ta ce, "To, ta sha mu gani."

Kalmar son jikin nan ce ta hana ni sakewa har yanzu. Auta ce fa, wadda tun tana ƴar shekara goma take riga kowa zuwa rijiya. Wata biyu tana haki in ta ɗauki bokiti, kai na sara mata, ta yi shiru don kada a ce raguwa ce. Ina ta tuno matan da ke zuwa shagona, su zauna a benci su ce jiri, mu ce rana ce. Waɗansu goyo na baya ciki na gaba, waɗansu jinin al'ada ke yi musu yawa wata da watanni, ba wanda ya taɓa duba musu ido.

Ungozoma ta ce a dawo bayan wata ɗaya a sake awo, in bai hau ba za su ƙara bincike, har da na sikila. In kuma haki ya kama ta tana zaune, ko ƙafafu suka kumbura, kada a jira ranar.

Na tsaya wajen mahauci na saya mata hanta da jikar tukuicin. Na sa wa wayata ƙararrawa bayan isha'i don in riƙa kiranta. Mijinta kuma gobe zan yi masa saƙon murya, in gaya masa abin da za a riƙa saya da kuɗin da yake aikowa.