Mindal ɗin saje da ya kusa zama zobe

Wani dillalin kayan da a Kano ne ya kira ni, wai an kawo masa lambobin wani tsohon saje, cikin mazan jiyan da suka yi yaƙin Bama (Burma) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Na tarar da lambobi biyu masu siffar tauraro, na 1939-45 da na Bama, sai mindal ɗin yaƙi mai hoton Sarki Joji na Shida. Ban tsaya dogon ciniki ba. Ina cikin naɗe su na ga ƙyalle na huɗu a ƙarshen jerin, ja mai ratsin kore a tsakiya, zaren bakinsa a tsinke, ba komai a rataye.

Duk mai wannan harka ya san ƙyallen nan. Na lambar doguwar hidima da ɗa'a ne ta rundunar sojan Afirka ta Yamma, wadda sai mutum ya yi shekara 18 cif ba tabo ake ba shi. Na ce, "Alhaji, ina ta huɗun?" Ko a jikinsa, ya ce ai waccan azurfa ce, ya cire ya sayar wa maƙerin fari a kan awo.

A kan awo!

Abin da bai sani ba, ko bai damu ya sani ba, shi ne Turawan Ingila ba su rubuta suna a lambobin Yaƙin Duniya na Biyu da suka raba ba. Dubban mutanen da suka bi runduna ta 81 zuwa kwarin Kaladan da ta 82 zuwa Arakan, duk a ƙasar Bama, taurarinsu iri ɗaya ne sak. Ta azurfar nan ce kaɗai aka buga wa lambar aikin sojan da muƙaminsa da sunansa a gefe. In ta narke, ukun da ke hannuna sun zama na kowa, ba mai iya cewa ga wanda ya rataya su.

Da ƙyar ya kwatanta mini rumfar maƙerin. Allah ya sa aiki ya yi masa yawa, tana nan cikin gwangwani tare da karyayyun 'yan kunne da tsofaffin sulalla. Amma ya riga ya sa zarto a gefenta don ya gwada azurfar, kuma daidai kan sunan ya goga. Harafi biyu sun tafi. Lambar aikinsa ta soja ta tsira, da ita nake bin sawun mutumin yanzu. Maƙerin kuwa da ya ga yadda hannuna ke rawa sai ya ninka kuɗi, na biya fiye da abin da na ba da a kan sauran ukun a haɗe. Shi ban ga laifinsa ba, sana'arsa ke nan. Dillalin nake jin haushi, mutumin da ya shekara da shekaru yana cin abinci da kayan tarihi.

Yanzu kafin a yi maganar farashi sai na ƙirga ƙyallaye, na ƙirga lambobi. In ba su zo daidai ba, na tambayi inda ragowar take nan take, domin azurfa ba ta daɗewa a wurin maƙeri. Ina kuma tambayar takardar sallama, iyalai kan riƙe ta ba tare da sun san tafiyarsu ɗaya da lambobin ba. Kuma don Allah kar a bari wani ya goge su da toka da lemun tsami wai don su yi ƙyalli, rubutun gefen yake cinyewa.