Motar da Na Saya Domin Idon Jama'a

A ƙarshen kakar 2018 na sayi motar da ta fi ƙarfina, kuma sai da na shafe shekara biyar ina ɗanɗana kuɗata kafin Allah ya raba ni da ita. Ina rubuta wannan ne domin ƙannena da 'ya'yana na Birnin Kebbi da kewaye, musamman waɗanda aka buɗa wa ƙofar samu tun suna da ƙuruciya, domin na san cewa da zarar kuɗi ya ɗan taru a asusu, abin da ke fara ɗarsuwa a zuciyar saurayi shi ne motar alfarma. Ba na hana kowa cin halaliyarsa, kuma mota mai kyau ni'ima ce, sai dai ina so wanda zai saya ya san abin da yake ɗaukar wa kansa.

Tun daga watan Nuwamba na 2015, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya, shinkafa ta zama kuɗi a jihar nan. Ina da gona a fadama ta wajen Suru, ina kuma sayen shanshera ina kai wa masu injin casa, sai na samu shekara uku a jere ciniki yana tafiya yadda ake so. Wata Asabar na halarci ɗaurin aure a Argungu cikin tsohuwar motata, masu tsara wuri suka nuna mini can bayan layi na ajiye ta, sannan ina tsaye aka buɗe wa wani abokin karatuna hanya ya shigo da ƙatuwar jif har bakin rumfa. Ko kallona bai yi da raini ba, mun gaisa cikin mutunci, amma ni a ranar na yanke shawara, kuma duk lissafin da na yi daga baya na neman hujja ne kawai ga abin da zuciya ta riga ta ƙulla. Ba zan ambaci sunan kamfanin da ya ƙera motar da na saya ba, domin laifin nawa ne. Babbar jif ce ƙirar Turai, wadda aka yi amfani da ita a Amurka kafin a shigo da ita.

Kuskurena na farko shi ne na ɗauki kuɗin da na miƙa wa dillali a matsayin farashin motar. Na kwashe duk abin da na tara, har na taɓa jarin sayen shinkafa na cika, na tuƙo mota zuwa gida aljihu babu komai. Kawuna, wanda ya daɗe yana kiwon dawaki, ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Ɗana, Allah ya sa alheri. To dawar da za ta ci fa, ka ajiye?" Na yi dariya domin na ɗauka zolaya ce. Duk wanda ya taɓa ɗaure doki ya san cewa kuɗin sayensa sau ɗaya ake biya, amma dawa da harawa da kanwa kullum ne, kuma haka motar alfarma take. Juyen baƙin mai na farko ya fara buɗe mini ido, domin injinta yana shan kusan lita takwas, kuma ba kowane mai yake karɓa ba sai irin mai tsadan nan da kamfani ya ƙayyade, alhali tsohuwar motata lita huɗu ta ishe ta. Tayoyinta masu faɗi ne marasa kauri a kan manyan ƙafafun ƙarfe, irin waɗanda rami ɗaya a hanyar Jega zuwa Koko ya isa ya kumbura gefensu, kuma kuɗin guda ɗaya ya kusa sayen cikakken saiti na ƙaramar mota. Wanda zai sayi taya ya duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke jikinta, domin biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, kuma tsohuwar taya ba ta jure zafin kwaltarmu na watan Afrilu ko da zanenta bai goge ba.

Akwai kuma inshora, wadda yawancinmu ba mu ɗauke ta a bakin komai ba sai dai takardar nuna wa jami'an hanya. Daga watan Janairu na 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa ta mayar da kuɗin ƙaramar inshora ta motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, amma wannan ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, ba ta gyara taka motar. Cikakkiyar inshora kuwa ba ta yin ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na darajar motar a shekara, wato mai motar naira miliyan 30 zai fitar da aƙalla miliyan ɗaya da rabi. Wanda wannan adadi ya yi wa nauyi, a ganina motar ma ta yi masa nauyi, domin fitilar gaba guda ɗaya ta irin waɗannan motoci, idan ɗan kabu-kabu ya fasa ta, tana iya cinye ribar wata.

Batun fetur shi ne ya zo daga baya ya gama da ni. Lokacin da na sayi motar lita tana naira 145, don haka ban damu ba da cewa kilomita shida take yi da lita guda. Daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato kimanin kilomita 150 ne, zuwa da dawowa tana shanye lita hamsin, inda tsohuwar motata ba ta kai talatin ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta kai wajen naira 500, kafin shekara ta ƙare ta haura 600. Sai ga ni da motar miliyoyi a ƙofar gida ina aron mashin ɗin yarona domin zuwa kasuwa. Don haka idan za ku yi lissafin mai, kada ku yi shi da farashin ranar saye, ku ninka shi biyu ku ga ko har yanzu za ku iya.

Kuskure na biyu ya fi na farko ciwo, domin ban tambayi kaina inda motar za ta riƙa zuwa ba. Rabin tafiye-tafiyena na gona ne da kasuwannin ƙauye, a kan burji da turɓaya da laka, amma na sayi motar da ke tsaye a kan jakunkunan iska maimakon sifirin na ƙarfe. Yadda abin yake aiki shi ne, a kan kowace ƙafa akwai jakar roba mai kauri wadda wani ƙaramin famfo na lantarki yake hura wa iska, sannan akwai na'urorin da ke auna tsayin motar suna sanar da ƙwaƙwalwarta. A kan kwalta mai kyau babu abin da ya kai ta daɗi, mutum sai ya ji kamar a kan katifa yake. Amma roba tana tsufa, zafi da ƙura da tsakuwa suna gaggauta tsagewarta, kuma da zarar jaka ta fara yoyo sai famfon ya riƙa aiki babu hutu har ya ƙone. Wata safiya ta hunturu na fito na tarar motar ta durƙusa ta gaba kamar raƙumin da za a yi wa lodi. Na gyara jakunkunan gaba, bayan wata huɗu na baya suka bi sahu, sannan famfon ya biyo su. Wanda harkarsa ta fadama ce, ko yake bin hanyoyin Bunza da Dakingari da Kamba da damina, ya nemi mota mai tsayi daga ƙasa, mai sifirin na ƙarfe da taya mai kauri. Wanda kuma zirga-zirgarsa daga gida zuwa ofis ce a cikin gari, da ɗan zuwa Sakkwato ko Abuja jefi-jefi, ba ya buƙatar jif mai silinda takwas, ƙaramar motar alfarma mai silinda huɗu ko shida za ta ba shi sanyi da natsuwar da yake nema a kan rabin man.

A wannan durƙuson ne na fahimci abu na uku. Na kira bakanikena, dattijo wanda ya shekara talatin yana kwance injin yana ɗaurawa, ya leƙa ƙarƙashinta, ya buɗe gaba ya daɗe yana kallo, sannan ya goge hannunsa ya ce, "Alhaji, wagga mota ba tamu ba ta. In na taɓa ta na cuce ka." Na ji haushi a lokacin, amma yanzu ina ganin babu wanda ya yi mini adalci a sha'anin motar nan kamarsa, domin wani rewaya da na kai wa daga baya bai faɗi haka ba, ya yi ta yanke waya yana haɗawa har fitilun gargaɗi suka cika allon gaba. Irin waɗannan motoci sai an jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu, kuma wasu kayan ko an sa sabo ba sa aiki sai an yi musu rajista da ƙwaƙwalwar motar. Sau biyu ina ɗora ta a kan babbar mota zuwa Abuja, wajen masu gyara na Apo. Kayan gyara kuwa, idan ba a samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna ba, sai a jira daga Ladipo ta Legas, wani lokaci ma daga ƙasar waje da kuɗin dala, mota tana zaune mako uku ƙura tana rufe ta.

Shawarata a nan ita ce, kafin ka je wurin dillali ka fara zuwa gareji. Ka tambayi masu gyara wace mota ce suka sani ciki da waje, ka tambayi masu shagon kayan gyara wace ce kayanta suke kan kanta. A yankinmu amsar da za ka fi ji ita ce Toyota da Lexus, kuma akwai dalili. Lexus reshen motocin alfarma ne na kamfanin Toyota, wanda aka fito da shi a 1989, kuma da yawa daga motocinsa suna tarayya da 'yan uwansu a injin da ƙashin jiki: ES 350 da Camry mai silinda shida, RX 350 da Highlander, GX da Prado, LX 570 da Land Cruiser. Saboda haka bakaniken da ya iya ɗaya ba zai yi baƙunta a ɗayar ba, kuma kaya da yawa suna shiga juna. Wannan ba ya nufin motocin Jamus ko Ingila ba su da inganci. Mercedes-Benz da BMW suna da daɗin tuƙi da natsuwa a kan hanya wanda duk wanda ya taɓa su ya sani, kuma mutumin da ke da ƙwararren mai gyara kusa da shi, yake kuma juye mai a kan lokaci, zai more su shekaru. Tambayar ita ce ko kai ne wannan mutumin.

Na huɗu shi ne wanda nake jin kunyar faɗa. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba a ɓangaren direba, kuma idan daga Amurka ta fito, da wannan lamba ana iya sayen rahoton tarihinta ta intanet a kan kuɗi kaɗan. Ni sai da na shekara biyu da motar wani ɗan ƙanena ya bincika mini, rahoton ya nuna cewa an yi gwanjonta a jihar Texas a matsayin motar da ruwa ya ci, 'yan watanni bayan guguwar Harvey ta watan Agusta na 2017 wadda ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a birnin Houston. An wanke ta, an goge ta, an fesa turare, ni kuma na yi wa rogo kallon kitse. Ruwa idan ya shiga wayoyin mota ba ya nuna kansa nan take, a hankali tsatsa take cin mahaɗan har abubuwa su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da na ɗaga kafet na duba ƙarƙashin kujeru, da na ga alamar laka da tsatsa a kan kusoshi, amma dillalin ya ce akwai wani Alhaji da ke hanya da kuɗi a hannu, ni kuma na ji tsoron a riga ni. Takardun kwastan ma haka na karɓa ban tantance ba. A ranar 1 ga Janairu, 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu, kuma mu da muke maƙwabtaka da Benin da Nijar mun fi kowa haɗuwa da motocin da suka biyo ta bayan fage daga Kwatano. Ka ɗauki takardun ka je ofishin kwastan da ƙafarka a duba cewa lambar shasin ta dace kuma an biya cikakken duti, domin nawa sun zamana na ƙaramin samfuri ne, sai da na cika gibin daga aljihuna.

Ba zan tsawaita a kan tsaro ba, kowa ya san halin da wasu hanyoyinmu suke ciki. Iyalina da kansu suka roƙe ni na daina shiga da ita ƙauyukan da nake sayen shinkafa, saboda mota irin wannan tana sanar da zuwan mai ita tun daga nesa. Ke nan motar da na saya domin a gan ni, ita ce na koma ina ɓoyewa.

Akwai tambaya guda da nake so ku yi wa duk dillalin da ke yabon motarsa: idan na dawo maka da ita bayan shekara ɗaya, nawa za ka saya? Ku lura da fuskarsa da tsawon shirun da zai yi kafin ya amsa. Ni lokacin da na sa tawa a kasuwa a 2023, wata bakwai ta yi a filin dillalai, masu zuwa suna buɗe ƙofa su yaba kujerun fata, su tambayi irin ƙafafunta, su ce za su dawo. Wanda ya saya a ƙarshe wani mai gareji ne daga Kaduna, kuma na gaya masa batun ruwan tun kafin mu yi ciniki. Ya ba ni kusan adadin nairorin da na biya a 2018, har wasu suka taya ni murna cewa ban faɗi ba. Sai dai lokacin da na saya dala tana wajen naira 360, ranar da na sayar kuwa ta haura naira 1,000 a kasuwar canji, don haka idan aka auna da dala, abin da ya dawo hannuna kimanin kashi ɗaya cikin uku ne na abin da na fitar, ban da kuɗin jakunkunan iska da famfo da dakon Abuja sau biyu.