Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Marasa Lafiyar Ranar Laraba

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya ne a inda aka mayar da ni wani ƙaramin asibiti a ƙauye, cikin ƙasar Talata Mafara, bayan na yaye ɗana na biyu. Sunan garin zan ci gaba da sakaya shi, haka ma sunayen mutanen, domin waɗanda zan ba da labarinsu yau suna nan da ransu, wasu sun yi aure sun hayayyafa, kuma kun san bakin mutane.

Mu uku ne ma'aikata a wurin: oganmu, ni da nake CHEW, wato ma'aikaciyar lafiyar al'umma, da wani yaro ƙaramin ma'aikaci da bai daɗe da gama makaranta ba. Sai baba mai gadi da wata dattijuwa mai shara. Likita babu, sai dai mutanen gari duk da "Likita" suke kiran oga, ni kuma "Malama". Aikinmu awon ciki, rigakafi, zazzaɓin cizon sauro, gudawa da tamowa.

A makarantar koyon aikin lafiya ta Tsafe an koya mana lafiyar ƙwaƙwalwa, mun rubuta jarrabawa a kanta. Ko a takarda ma, tun 1991 gwamnatin tarayya ta sa ta cikin ayyukan kiwon lafiya a matakin farko. Amma shekarun da na yi ina aiki kafin nan, ba a taɓa kawo mini mai taɓin hankali ba. Ba don babu su ba. Suna cikin ɗakunan da ke can ƙuryar gida, wasu a mari, wasu a turu, wasu an kai su gidan mai magani a wani gari an baro. Abin da kowa ya sani shi ne asibiti ba ta da maganin iska.

Sai wata ƙungiya ta kira mu Gusau horo na 'yan kwanaki a kan wani tsari na Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna mhGAP, wanda ta fito da shi a 2008. Manufarsa a taƙaice: tunda likitocin ƙwaƙwalwa ba za su taɓa isa ba, a koya wa ƙananan ma'aikata irinmu yadda za su gane ciwon damuwa, da taɓin hankali, da farfaɗiya, da illar shaye-shaye, su kula da wanda za su iya, su tura wanda ya fi ƙarfinsu. Wanda ya koyar da mu wani dattijon nas ne da ya daɗe a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Ya ce mana a duk Najeriya likitocin wannan fanni ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga mutane sama da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. "To in kun zauna jiran likita ya zo ƙauyenku," in ji shi, "sai ku yi ta jira."

Shi ne ya fara ba mu labarin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 a Aro kusa da Abeokuta ya riƙa saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowanne tare da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin jama'a, har yana aiki da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Na yi mamakin jin cewa abin da aka tara mu a otal ana koya mana kamar sabon abu, ɗan ƙasarmu ya yi shi tun kafin a haifi mahaifiyata.

Na dawo da littafi da takardar shaida. Magani kuwa ko ƙwaya ɗaya ba a haɗo mu da ita ba.

Wadda ta buɗe mini ƙofar aikin ba kowa ba ce sai Inna ungozoma. Ita ta same ni da yamma ta ce akwai mai jego a unguwarsu, haihuwar fari, tun kafin suna ta daina barci, tana surutai, ta ƙi shayar da jaririn, ranar nan ma an kama ta za ta fita da shi tsakar dare. An yi tofi, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Yanzu an ɗaure mata ƙafa da igiya a jikin gado, ana shirin mayar da ita gidan iyayenta.

Muka tafi tare. Uwar mijin ta tare mu a tsakar gida, ta ce, "Malama, mi za ki yi mata? Wanga ba ciwon asibiti ba na."

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ban zo hana addu'a ba. Jikinta kawai zan duba, mai jego ce."

Kuma gaskiya na faɗa. Abu na farko da aka koya mana shi ne kada ka ce wa mai jego ta taɓu sai ka auna zafin jikinta da hawan jininta, domin zazzaɓin bayan haihuwa da jijjiga duk suna juya hankali, kuma su kashewa suke yi da sauri. Jikinta ba zafi, jininta daidai. Abin da ya rage shi ne wanda aka kwatanta mana: taɓin hankalin da ke zuwa a makonni biyun farko bayan haihuwa, wanda ke jin magani sosai in an kama shi da wuri, amma yake iya sa uwa ta halaka kanta ko ɗanta in an bar shi.

Ban yi gardamar aljanu da kowa ba, kuma har yau ba na yi. Wajen liman na tafi. Mutum ne mai sanyin hali, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani, shi zai ci gaba da ruƙiyya, mu kuma mu yi namu. Kalmarsa ɗaya ta yi abin da da na kwana ina magana ba zan yi ba. Mijin ya sayar da tunkiya, aka ɗauki mota daga Mafara zuwa Sakkwato, daga can aka wuce Kware, da takardar da oga ya rubuta.

Ta dawo hankalinta ya kwanta, da ƙwayoyi a leda da ranar komawa. A nan ne na gane inda aikin yake. Zuwa Kware sau ɗaya kowa zai iya, ko da bashi. Komawa duk wata, kuɗin motar mutum biyu, abinci, magani, a bar gona a bar yara, wannan ne ke karya mutane. Kuma da zarar mai ciwo ya samu sauƙi sai dangi su ce ai ya warke, a ajiye magani, bayan 'yan watanni a dawo gidan jiya, sannan a ce ga shi nan, dama mun faɗa asibiti ba ta iyawa.

Sai muka yi dabara. Nas ɗin nan ya ba ni lambarsa. Likita a Kware ko a Gusau shi ke duba mara lafiya ya rubuta magani, ni kuma in riƙe bibiya a gida, in wani abu ya rikice in buga waya. Ranar Talata, ranar kasuwar Mafara, wani ɗan acaɓa amintacce yake karɓo mana magungunan da iyalai suka haɗa kuɗinsu. Laraba da safe su zo. Na samu wani tsohon littafin rajista na ja masa layi, da haka aka fara kiransu 'yan Laraba. Ba mu rubuta komai a ƙofa ba, da gangan. Mace za ta shigo kamar ta zo awo.

Masu farfaɗiya su suka fi yawa, kuma su suka fi ba ni tausayi, don nasu ciwon ya fi kowanne sauƙin riƙewa. Ƙwayar maganinsu, fenobabiton, mai araha ce, amma ga yaro an cire shi daga makarantar allo don ana cewa yawunsa na yaɗa ciwon, ga budurwa da tabon wuta tun daga hannu har kafaɗa domin ta faɗi a murhu kowa ya gudu. Na gaji da faɗa a wajen awo da wajen suna: ba a ɗauka ta yawu, kada a cusa cokali a baki, a janye shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi ta gefe har ya farfaɗo. Sharaɗin maganin ɗaya ne, ba a yanke shi kwatsam, in aka yanke faɗuwar kan dawo fiye da da.

Masu shan halofaridol, maganin taɓin hankali, kuma nasu daban ne. Wani sai wuyansa ya sandare, hannu na rawa, yawu na zuba, uwa ta zo a guje ta ce maganinku ya ƙara tayar da mutanen kansa. Illar maganin ce, kuma akwai ƙwayar da ke warware ta, sai dai ita ce wadda samari ke sha don maye, wadda suke kira Ezol. Dole na riƙa ƙirga ta ina damƙa wa uwa ko mata hannu da hannu. Maganar samarin nan da tiramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana a 2018, sai an ware mata mako guda.

Sannan ga matan da suka gudo daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa. Babu wadda za ta ce miki tana da damuwa. Cewa za ta yi kaina ke ciwo, ƙirjina ya yi nauyi, jikina duk ya mutu, ba na barci. A da sai a ba ta farasitamol da maganin zazzaɓi ta tafi, mako mai zuwa ta dawo. Na koyi rufe ƙofa in ce, "Yaya, me ya faru a garinku?" Wata sai ta yi shiru mai tsawo, sannan ta fara. Wata an kashe mijinta a gabanta. Wata abin da aka yi mata ko mahaifiyarta ba ta faɗa wa ba. Wasu kaɗan likita ya rubuta musu amitiriftilin, maganin ciwon damuwa, wanda sai ya yi makonni kafin a ji aikinsa, yawancinsu kuwa abin da nake da shi kujera ce da kunne. Da dare in na kwanta nakan ji maganganunsu. Mu masu sauraro babu wanda aka tanada ya saurare mu, sai dai ni da Inna ungozoma mu zauna a kan tabarma mu yi ta jajanta wa juna.

In an tambaye ni su wa ke kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙauyukan Zamfara, ga su nan na lissafa: ungozoma da ke shiga kowane ɗaki, liman, ɗan acaɓa, ma'aikaciya ɗaya da littafinta, nas a ƙarshen waya, da wata uwa da ke ɗaure ƙwayoyi a bakin zane tana tuna lokacin sha. Cikinsu babu wanda takardar ɗaukar aikinsa ta ce wannan ne aikinsa, rabinsu ma ba su da albashi.

Shekarar 2021 ta nuna mana rashin ƙwarin abin. A watan Fabrairu aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a cikin ƙaramar hukumarmu. An sako su bayan 'yan kwanaki, amma tsoro bai saki kowa ba, iyaye mata da 'ya'yansu ba su ma cikin makarantar suka riƙa zuwa da faɗuwar gaba. A watan Satumba aka katse layukan waya a duk jihar, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da fetur da zirga-zirgar babura, don a matse 'yan bindiga. Ba kasuwar Talata, ba ɗan acaɓa, ba nas a waya. Mai son kira sai ya tafi har Sakkwato. Maganin wasu ya ƙare. Wani yaro mai farfaɗiya da ya yi kusan shekara bai faɗi ba, har an mayar da shi makaranta, ya faɗi a bakin rijiya, Allah ya sa akwai mutane kusa. Wani magidanci da ya koma noma har ya yi girbi, na je na tarar an mayar masa da mari. Ƙanensa ya kasa haɗa ido da ni, ya ce, "Malama, ya za mu yi? Akwai yara a gidan." Ban ga laifinsa ba.

Oga ne ya shiga motar haya ya tafi Sakkwato da jerin sunaye da kuɗin da muka tara, ya kwana, ya dawo da kwali. Da shi muka lallaɓa har layi ya dawo.

A watan Janairun 2023 na ji a rediyo Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa. Ta yi maganar haƙƙin mara lafiya da kawo kulawa kusa da jama'a. Na yi murna har ga Allah. Sai dai lokacin ni ba na garin. Tun kafin nan takardar canjin wurin aiki ta same ni, ba tare da an tambayi wa zai riƙe littafin Laraba ba, kuma wadda aka turo madadina ba ta taɓa zuwa horon ba. Daren da zan tashi na zaunar da ƙaramin ma'aikacinmu muka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, wa ke shan me, wa ke riƙe masa magani, gidan wa ba a shiga sai an bi ta wajen liman.

Yadda takardar nan ta zo, da rigimar da ta tayar tsakanina da maigidana a kan komawa Gusau, shi za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.