Hayaƙin Darbejiya a Kan Ruwan Lagdo

Na bar Garwa ranar Talata da hantsi, a makon farko na Oktoba, kwana kaɗan da buɗe kamun kifi a tafkin Lagdo da ke arewacin Kamaru. Duk shekara akan rufe ruwan wata uku, daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Satumba, don kifi ya samu sararin hayayyafa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya haura shekara talatin yana su a can, kuma ya daɗe yana aiko mini da saƙo in zo in ga inda kifin da muke ci yake fitowa. Bana Allah ya nufa.

Muka haye gadar Binuwai, muka miƙe a titin Ngaundare har Ngong, sannan muka saki babbar hanya muka yi gabas. Ko'ina kore shar, masara ta nuna, auduga ta fara fashewa. Madatsar ruwan Lagdo 'yan Caina ne suka gina ta tsakanin 1977 da 1982, kuma da ita Garwa da Marwa da Ngaundare suke samun wuta. Amma da ka hango tafkin tsakanin duwatsu, zancen lantarki fita yake yi daga ranka. Ruwa ne iyakar ganinka.

A kasuwar kifi ta Jiforde Kawu ya tarbe ni, cikin hayaniyar Fulatanci da Musgum da Larabcin Shuwa da Hausa. Mun gama gaisawa ke nan ya kama hannun rigata, wata shadda shuɗiya mai duhu, ya murza.

"Habu, wannan ka ninke ta sai ranar komawa. Baƙi da shuɗi kiran ƙuda suke yi."

Na ce, "Kawu, ai na zo da magani." Na fito da kwalbar man korar sauro da na saya jaka uku a kantin magani, wanda aka rubuta DEET a jikinsa. Ya karɓa, ya sunsuna, ya miƙo mini. Ya ce yana da kyau, in adana shi, zai yi mini rana.

Jirgi mai inji ya kai mu tungarsu, wani tudu mai bukkoki kamar ashirin, da wuraren banda a bayansu. Inna, matar Kawu, ta fito mini da kayan aiki: farar riga mai dogon hannu wadda wanki ya koɗar, burmemen wando mai igiya a ƙafa, safa ƙafa biyu a saka ɗaya kan ɗaya, da ƙyallen rufe wuya da kunne. Taubashina Sale ya ce hikimar tana wajen yalwar kayan. Rigar da ta ɗame jiki, sauro zai sauka a kai ya soka bakinsa ya sha abinsa. Wadda ta saki kuwa, tsakaninta da fata akwai tazarar da bakinsa ba ya kai wa. Batun launi ma na gaskata, don na taɓa ganin tarkon ƙudan tsando da ake kafawa a dajin kiwo, da shuɗi da baƙin ƙyalle ake ɗinka shi.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda suka san lokacin kowane ƙwaro kamar yadda muka san lokutan salla. Bobuwa tata rana ce tsaka, musamman a mashayar da Fulani ke kawo shanu. Tana son jiƙaƙƙiyar fata, kuma ba sukar allura take yi ba, yanka take yi, jini ya biyo baya. Ƙyashi nasa sanyin yamma ne da sassafe idan iska ta kwanta, ƙanƙane ne har ba ka ganinsa sai dai ka ji wuta a idon sawu. Sauro kuwa ya karɓi aiki daga magariba har ketowar alfijir. Saboda haka tun rana tana da sauran tsawon mashi Kawu ya ce a tura kwalekwale. Wanda ya yi jinkiri har almuru ta same shi a bakin gaɓa, ya riga ya biya kuɗin shiga.

Kafin mu tashi na ga Sale ya ɗauko wani tsohon kwanon ƙarfe, ya cika shi rabi da rairayi, ya zuba garwashi a kai, ya jera busasshen kashin shanu guda uku, sannan ya rufe da ɗanyen ganyen darbejiya. Rairayin don kada katakon jirgi ya ƙone ne. Kashin shanun ba ya kamawa da harshen wuta, ci yake yi a hankali, shi ke riƙe zafin. Ganyen kuma shi ke ba da hayaƙin, fari, mai kauri, mai ɗaci har maƙogwaro. Duk daren aikin Sale ke nan bayan tuƙi: ya jiƙa yatsa ya ɗaga ya ji ta inda iska ke zuwa, ya mayar da kwanon can gefen, don hayaƙin ya ratsa ta kanmu. In ya kusa mutuwa ya tona da tsinke, ya ƙara ganye daga buhun da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

A tsakiyar tafki muka yi magariba, kowa a zaune inda yake. Iska na kaɗawa, ko sauro ɗaya babu. Kawu ya ce sauro ba shi da ƙarfin fiffike, iska kaɗan ta ishe shi. Na ce to me zai hana mu yi zamanmu a nan? Ya nuna mini wani baƙin layi can gefen yamma, inda ciyawar burugu ta shigo cikin ruwa.

"Ɗana, kifin yana can. Inda sauro ya yi gida, nan karfasa da tarwaɗa ke kiwo. Mai son su ba shi da zaɓi."

Muka saki kalli, wato ragar kamun kifi, a bakin ciyawar, muka matsa ciki don jera mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi. Nan na ji abin da ban taɓa ji ba. A gida sauro ɗaya ne ke kuka a kunnenka. A nan kukan daga ko'ina yake, kamar ana kaɗa zare dubu lokaci guda. Da Sale ya haska tocila, sai na ga hasken ya cika da su fal, ya yi maza ya kashe. Na shafa man nan a wuya da bayan hannu da goshi, kuma in faɗi gaskiya ya yi aiki. Suna zuwa su yi shawagi su juya. Sai na miƙa hannu zan taya Kawu maƙala ƙananan kifi a ƙugiya, ya riƙe mini tsintsiyar hannu.

"Wanke tukun. Cuɗa da rairayi. Tarwaɗa da gashin bakinta take ɗanɗanar ruwa, in ta ji wannan ba za ta kusanci ƙugiyar ba."

Na wanke, na taya shi, kuma cikin minti kaɗan bayan hannuwana suka yi burɗin-burɗin. Matsalar ke nan. Hannun masunci kullum a ruwa yake, abin da ka shafa ruwa da gumi sun tafi da shi, wanda ya rage kuma ba a so ya taɓa abincin kifi. Da gari ya waye na tarar man ya dusashe fuskar agogona na roba inda ya taɓa. Kwalbar da na ɗauka za ta yi mini wata, a dare biyu ta yi rabi. Mutumin da zai fita ruwa kowane dare na wata tara, ina zai ga kuɗinta?

Mun dawo da asuba da karfasa kusan cikin kwando biyu, tarwaɗa manya guda bakwai, da giwan ruwa ɗaya da ta kai tsawon hannuna. Can nesa dorina ta yi gurnani, Kawu ya sa Sale ya kauce ba tare da ya ɗaga murya ba.

Da rana, bayan na ɗan runtsa, na zaga tungar. Na iske wasu samari biyu suna shirin fita, ɗaya yana goga wa ƙafafunsa baƙin man inji daga wata gwangwani. Na duba ƙwaurinsa: fatar ta yi kaushi, ta tsattsage, wani wurin yana ruwa. Na ce masa, "Ƙanena, wannan ai cuta kake saya." Ya ce, "Yaya, in ban shafa ba, ba zan iya tsayuwa a ruwa ba." Ya ce wasu ma fiya-fiya suke yayyafa wa tufafinsu, gubar da ko shaƙarta illa ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba da yaron ba. Yana neman abincinsa ne da abin da hannunsa ya kai.

A inuwar wata tsamiya wani dattijo makaho yake gyaran taru. Yatsunsa na bin zaren har su tarar da ɓula, ya ƙulle, ya wuce, ba ya kuskure. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce da ƙuruciyarsa a kogin Vina ya yi su, wajen Tuboro, inda ruwa ke gudu kan duwatsu. A irin wannan ruwan mai kumfa wani ɗan baƙin ƙuda mai doro yake hayayyafa, da rana yake cizo, yawanci a ƙafa. Shi ke sa wa mutum tsutsar da ke kawo makantar rafi. Ya ce da ƙaiƙayi abin ya fara, wanda har da dutse yake sosawa, sai ƙulluttai a kwankwaso, sai gani ya riƙa yin hazo. Ƙwayar Mectizan, wadda ake bayarwa kyauta tun 1987, ana auna tsawon mutum da sanda a ba shi ya haɗiya sau ɗaya a shekara, ta iso gare shi bayan idon ya riga ya tafi. "Malam," in ji shi, "mun ɗauka cizon ƙuda ba komai ba ne. Wa zai bar kifi don ƙuda?"

Da daddare na biyu ban fita ba, na zauna da Inna a bakin banda. Nan sauro ba ya zuwa, amma idonta jajir yake, kuma tari ba ya barinta. Ana idar da isha'i ta kora jikokinta uku cikin gidan sauro, ta bi gefe-gefe tana cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. A nan ta ba ni labarin da mahaifiyata ba ta taɓa ba ni dalla-dalla ba: 'yar Inna da Kawu mai shekara uku da zazzaɓi ya kama wata damina, ta fara jijjiga cikin dare, suka sa ta a kwalekwale ba inji, kafin su kai gaɓa rai ya yi halinsa. Tun daga ranar Kawu ba ya shiri da duk wanda ya ga yana jan ruwa da gidan sauro. Akwai masu yi, don idonsa ƙanana ne, ba ya barin ko ɗan tsakon kifi, ga maganin da ke jikinsa guba ne ga kifi. Kawu yakan ce mai yin haka ya tsiraita ɗansa ga sauro, ya kuma cinye kifin baɗi.

Inna ta nuna mini katin maganin rigakafin zazzaɓi da ake bai wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar wata-wata a damina. Ta kuma tambaye ni labarin allurar maleriya da ta ji a rediyo an fara yi wa jarirai a Kamaru a Janairun 2024. Na gaya mata abin da na sani, na yi murna da shi har zuciyata. Amma ina magana ina hango ɗan jan garwashi can kan ruwa, inda Kawu da Sale suke. Gidan sauro na mai barci ne. Maganin wata-wata na yara ne. Mutumin da aikinsa ya faɗo daidai sa'o'in da sauro ke cizo, daga magariba zuwa asuba, a inda sauron kansa ya yi gida, ba a tanadar masa komai ba sai abin da ya tanadar wa kansa: kwanon hayaƙi, farar riga, da sanin inda iska ta dosa. Kuma kifinsa muke ci a Garwa kullum.

Ranar Juma'a da sassafe suka rako ni bakin jirgi. Na miƙa wa Kawu ragowar kwalbar, ya ce a bai wa Inna ta riƙa shafawa in za ta ɗebo ruwa da yamma. Na tambaye shi abin da zan aiko masa daga birni. Ya ɗan yi shiru, ya ce safa masu kauri, dogaye har gwiwa, da rigunan gwanjo farare masu dogon hannu, in da hali har da na yaron nan mai baƙin mai.

Washegari na shiga babbar kasuwar Garwa na haɗa safa dozin biyu da riguna shida, na ba direban motar Lagdo. Bayan kwana uku Sale ya hau tudun da suke samun layin waya ya kira ni. Ya ce kaya sun iso, yaron ya sa tasa tun daren jiya, amma ta Kawu ta ɗame shi a kafaɗa, in nemo wadda ta fi girma.